Tarihin Raket ɗin Ƙwararru da Na Kanti a Wasan Tanis

Raket ɗin ƙwararru shi ne wanda kamfani ke ƙera wa 'yan wasan tanis da ya ɗauki nauyinsu, ba tare da ya kai irinsa kasuwa ba. A ido ba a raba shi da wanda ke rataye a kanti, domin launi ɗaya ne, suna ɗaya, tambari ɗaya. Sai dai ƙarƙashin fentin sau da yawa wani raket ne dabam, wani lokaci ma samfurin da aka daina sayarwa shekara goma ko ashirin da suka wuce. Al'adar ta samo asali ne daga buƙatu biyu da ba sa jituwa. Kamfani yana son ya fito da sabon samfuri duk bayan shekara biyu ko uku don ciniki ya motsa, ɗan wasa kuwa ba ya son a taɓa masa abin da hannunsa ya saba da shi tun yana yaro.

Zamanin katako

Daga gasar Wimbledon ta farko a 1877 har zuwa ƙarshen shekarun 1960, kusan kowa da raket ɗin katako yake wasa. Ana yanka katako sala-sala, a manne shi da gam, a lanƙwasa, kuma faɗin fuskar bai cika wuce inci murabba'i 65 ba. A wancan lokaci tazarar da ke tsakanin na gwani da na kanti ba ta da yawa. Dunlop Maxply, wanda ya fito a farkon shekarun 1930, shi Rod Laver ya riƙe, shi kuma John McEnroe ya riƙe daga baya, kuma duk mai kuɗin saye zai iya samunsa. Abin da manyan 'yan wasa suka fi kowa da shi shi ne zaɓi. Katako ba ya zama ɗaya, wani ya fi wani nauyi ko tauri, don haka su ake bari su tsince waɗanda suka dace da juna.

A zamanin ne kuma kamfanoni suka gano darajar sunan zakara. Wilson ya buga sa hannun Jack Kramer a jikin wani raket a ƙarshen shekarun 1940, ya kuwa sayar da miliyoyi. Tun daga nan mai saye ya koyi cewa idan ya sayi raket, yana sayen wani yanki ne na gwaninsa. Björn Borg na Suwidin ya nuna iyakar wannan tunani. Yana da yarjejeniya da Donnay na Beljiyam, amma a Amurka da raket ɗin Bancroft yake fitowa na wasu shekaru saboda wata yarjejeniyar. Nasa yana da dogon mariƙi saboda bugun hannu biyu, kuma ana ɗaure masa tsirkiya da ƙarfin da ya kai kusan kilo 36, har takan tsinke da kanta raket yana ajiye. Ba a yi wannan don mai wasan ƙarshen mako ba.

Ƙarfe, sannan zaren kabon

A 1967 Wilson ya fito da T2000, raket ɗin ƙarfe da aka gina kan ƙirar René Lacoste na Faransa. Mutane da yawa sun gwada shi sun ajiye, domin yana da wuyar sarrafawa. Jimmy Connors ya manne masa. Da shi ya ci manyan gasa uku a 1974, da shi ya ci gasar Amurka ta 1983, lokacin da kusan kowa ya bar shi, kuma da aka daina ƙera shi sai ya shiga neman ragowar da ke hannun mutane. Halin Connors shi ne tushen dukan labarin. Kamar yadda wanzami ba ya yarda a musanya masa askar da ya saba da ita, haka ɗan wasan da ya buga ƙwallo miliyoyin sau da raket guda ba ya sakinsa don an ce ga sabo.

Shekarun 1970 sun zo da rikici. Howard Head ya fito da raket ɗin Prince mai faɗin inci murabba'i 110 a 1976. A 1977 kuma wata sabuwar hanyar ɗaura tsirkiya ninki biyu, wadda wani Bajamushe ya ƙirƙiro, ta sa ƙwallo yana juyawa fiye da kima, har Ilie Năstase ya yi amfani da ita ya katse wa Guillermo Vilas jerin nasarori 46. Hukumar tanis ta duniya ta haramta wannan ɗauri, sannan ta rubuta dokokin raket. A yau tsawonsa ba ya wuce santimita 73.7, faɗinsa ba ya wuce 31.7. Dokar ba ta ce komai kan nauyi ba, ba ta kuma ce sunan da ke jikin raket dole ya dace da abin da ke cikinsa ba. Ta wannan ƙofa aka shiga.

Yannick Noah, da ya ci gasar Faransa a 1983, shi ne namiji na ƙarshe da ya ɗauki babbar gasa da raket mai katako. Zaren kabon ya karɓe fagen, kuma yadda ake ƙera shi ne ya sauƙaƙa ɓad-da-kama. Ana shimfiɗa fallayen zaren da aka jiƙa da ƙaro, a naɗe su, a sa a mazubi na ƙarfe, a hura iska a ciki, a gasa. Abu biyu ke yanke halin raket: siffar mazubin, da yadda aka jera fallayen. Mazubi ɗaya zai iya fitar da raket mai tauri da mai laushi idan aka sauya jerin. Haka kuma kamfanin da ya adana tsohon mazubi zai iya ci gaba da fitar da tsohon raket har abada, ya shafa masa fentin bana. A daidai wannan lokaci ƙira ta ƙaura zuwa Taiwan, daga baya zuwa Sin, tsofaffin masana'antun Turai suka durƙushe. Donnay da kansa ya karye a 1988.

Sampras da masu gyara

Labarin Pete Sampras ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya nuna cewa ko suna da siffa sun zama ɗaya, raket ba ya zama ɗaya. Wilson Pro Staff mai faɗin inci murabba'i 85 an ƙera shi na wasu shekaru a tsibirin St. Vincent da ke yankin Karebiyan, kafin a rufe masana'antar wajen 1990 a mayar da aikin Asiya. Sampras ya ƙi na Asiya. Na St. Vincent kaɗai yake so, sai kamfanin ya tara masa su, kuma da su ya ci dukan manyan gasarsa 14 tsakanin 1990 da 2002. Ana liƙa masa dalma a gefe biyu na fuskar har nauyin ya kusa giram 400, a ɗaure tsirkiyar hanji da ƙarfi sosai. Yaron da ya sayi Pro Staff a kanti don ya yi kama da Sampras ya sami suna da launi, bai sami raket ɗin ba. Shi kansa Sampras ya faɗa bayan ya yi ritaya cewa da ya gwada mai faɗin fuska, wataƙila da ya taimake shi a filin jar ƙasa. Ke nan riƙon tsoho ma yana da nasa farashi.

A nan ne wata sana'a ta taso, ta masu gyaran raket. Warren Bosworth ya yi wa Ivan Lendl aiki, kuma Lendl na cikin waɗanda suka yaɗa al'adar sauya raket duk lokacin da aka kawo sababbin ƙwallaye, wato bayan zagaye bakwai na farko, sannan bayan kowane tara. Wanda zai sauya raket a tsakiyar wasa dole ne na biyun ya zama daidai da na farko. Nate Ferguson, wanda ya yi yawo da Sampras, daga baya ya kafa kamfanin Priority One da ya kula da raket ɗin Roger Federer da Novak Djokovic da Andy Murray.

Aikinsu na haƙuri ne. Raket ɗin kanti guda biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta da giram da yawa, masana'anta kuma ta ɗauki hakan ba laifi ba. Ƙwararre ba ya yarda da wannan. Shi ya sa nasa yakan fito daga masana'anta da sauƙin nauyi, don mai gyara ya sami sararin ƙarawa inda ake so. Ana ɓoye dalma ƙarƙashin robar da ke kare kan raket, a zuba silikon cikin mariƙi don ya rage girgiza, a naɗa fata ta gaske, wani ma a zuba masa mariƙi na musamman daidai da tafin hannunsa. Sannan a auna nauyi, a auna inda ma'aunin ya tsaya, a auna nauyin da hannu ke ji sa'ad da ake lilo da shi, wanda shi ne ya fi komai muhimmanci ga ɗan wasa. Raket ɗin kanti da aka fi saye yana kusa da giram 300 ba tsirkiya, na manyan maza kuwa da yawa suna kai 340 zuwa 360 da tsirkiya.

Lambobin sirri

A shekarun 2000 masu sha'awar kayan wasa suka fara ɗaukar hotunan raket ɗin taurari suna ƙirga ramukan tsirkiya, suna duba siffar wuya, suna karanta ƙananan lambobin da ke jikin mariƙi. Kamfanin Head ya fi shahara a nan. Lambar PT57A tana nufin mazubin Pro Tour 630, samfurin tsakiyar shekarun 1990 da ake ƙerawa a Kennelbach ta ƙasar Ostiriya. Da shi Andy Murray ya yi mafi yawan rayuwarsa ta wasa, har da nasarorinsa na Wimbledon a 2013 da 2016, alhali fentin da ke jiki na samfurin Radical ne, yana sauyawa da kowane sabon fitowa. Djokovic, da ya koma Head a 2009, yana tallar samfurin Speed, wanda na kantinsa ke da faɗin inci murabba'i 100, amma abin da ke hannunsa ya samo asali ne daga tsohon mazubin Radical mai faɗin 95. Bayan tiyatar gwiwar hannu a 2018 an ƙara masa ɗan tsawo, aka rage layin tsirkiya ɗaya. Wilson ma yana da nasa, irin su H19 da H22.

Rafael Nadal ya riƙe ainihin Babolat AeroPro Drive na tsakiyar shekarun 2000 tsawon shekaru, ana yi masa fentin samfuran da suka biyo baya, ana ƙara masa nauyi a kai lokaci zuwa lokaci. Federer ya bi wata hanya. Ya tashi daga faɗin 85 zuwa 90, sannan zuwa 97 a 2014, kuma Wilson ya sayar da RF97 Autograph mai giram 340 yana cewa shi ne na Federer. Masu saye da yawa sun gano da kansu cewa ya yi musu nauyi. Ba kowane ƙwararre ke ɓoye komai ba. Matasa da dama da suka taso da raket na zamani suna wasa da abin da ya yi kusa da na kanti, sai ɗan gyara.

Kotu da abin da ya biyo baya

Gyara raket ba ha'inci ba ne, haƙƙin ɗan wasa ne. Inda matsalar take shi ne talla. Idan aka nuna wa uba hoton zakara, aka ce masa wannan sabuwar fasaha ce ta kai shi ga nasara, ya cire kuɗi ya saya wa ɗansa, alhali zakaran bai taɓa buga ƙwallo da fasahar ba, to an karɓi kuɗinsa kan maganar da ba gaskiya ba ce. A shekarun 2010 masu saye a jihar Kalifoniya sun kai Babolat ƙara kan irin wannan talla, aka ƙare da sulhu ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Tun daga wancan lokaci manyan kamfanoni suna rubuta gargaɗi da ƙananan haruffa cewa ƙwararru suna iya amfani da raket da aka gyara ko wanda ya bambanta da na hoton. Gargaɗin ya kare kamfani a gaban alƙali, amma masu saye kaɗan ne ke karanta shi.

Da asirin ya fito fili, sai ya zama haja. Masu tara kaya suna sayen raket ɗin ƙwararru na hannu da ninkin kuɗin na kanti, jabu kuma ya cika wannan kasuwa. Kamfanonin suka ga riba a ciki. A 2020 Head ya dawo da Pro Tour a sabon fitowa, Wilson ya fara sayar da samfuran da aka gina kan mazuban ƙwararrunsa, Babolat kuma daga baya ya fito da Pure Aero Rafa Origin mai nauyin da ya kusanci na Nadal.

Waɗannan samfura ba su fi na kanti kyau ga kowa ba. An gina su ne don mutumin da ke atisaye awanni a kullum, wanda ke tarar ƙwallo mai gudun fiye da kilomita 200 a awa, kuma yake bugunsa a tsakiyar tsirkiya kusan kowane lokaci. A hannun mai koyo, ƙaramar fuska da nauyi mai yawa suna jawo jinkirin bugu da ciwon kafaɗa da na gwiwar hannu. Mai neman raket ya duba nauyi da faɗin fuska da girman mariƙi, ya gwada shi a fili idan ya sami hali, kada hoton da ke jikin kwali ya yanke masa shawara.