Zilum, Garin da Ya Kewaye Hatsinsa da Gwalalo

Zilum tsohon kufai ne a jihar Borno, kimanin kilomita 60 arewa da Maiduguri. An zauna a cikinsa tsakanin shekara ta 600 da ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma yana cikin garuruwa mafi daɗewa da aka sani an kewaye su da gwalalo a Afirka kudu da Sahara.

Mutanensa tsatson al'ummar da masana ke kira Gajiganna ne, waɗanda suka shigo yankin wajen shekara ta 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan Tafkin Chadi ya ja da baya. Makiyaya ne da farko, masu shanu da awaki da tumaki, suna haɗawa da kamun kifi da farauta. Noma sai daga baya. Shaidarsa tana jikin tukwanensu: maginan tukwane kan cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, wuta ta cinye ƙaiƙayin ta bar zanensa, kuma a wannan zane aka gane geron gida, ba na daji ba.

Da noma ya kankama, sai ƙauyuka suka zama gari. Faɗin Zilum ya kai kadada 12. Masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus da Jami'ar Maiduguri, ciki har da Carlos Magnavita, sun bi filin da na'urar auna maganaɗisun ƙasa, suka gano gwalalo mai tsawon kusan kilomita ɗaya ya zagaye garin. Abin da ya fi ɗaukar hankali yana cikin da'irar: ɗaruruwan ramuka, da yawansu na ajiyar abinci, ga manyan randuna, ga ragowar gero da wake. Makiyayi in ya ji motsin mahara sai ya kora dabbobinsa ya yi gaba. Manomi kuwa ba shi da yadda zai yi da amfanin shekara guda sai dai ya tsaya ya kare shi. Haƙa gwalalon aikin gayya ne babba, kuma ba a samu ƙarfe a kufan ba.

Daga baya biranen ƙasar Hausa sun faɗaɗa dabarar kewaye gari har ganuwa ta haɗiye gonakin kansu. Da Bature matafiyi Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya tarar gidaje ba su wuce rubu'in filin da ke cikin badala ba, saura duk gonaki ne da lambuna.