Gansakuka Ɗaya, Sunaye Barkatai

A maƙalar wannan mako za mu leƙa tarihin yadda aka raɗa wa gansakukar ƙasashe masu zafi suna. Ba wadda ke rufe saman kududdufi muke nufi ba, a'a, ɗan koren tsiron nan mai laushi da ke fitowa a jikin katanga, dutse ko kututturen bishiya da damina. An ƙiyasta tana da nau'o'i kimanin 12,000 a duniya, amma sunayen da aka raɗa mata sun zarce haka nesa ba kusa ba. Yaya aka yi?

Masana sun amince a fara lissafin sunayen gansakuka, in ban da dangi ɗaya, daga littafin wani Bajamushe, Johann Hedwig, wanda ya fito a 1801, shekara biyu bayan rasuwarsa. Ƙa'idarsu biyu ce. Sunan da aka fara wallafawa bisa tsari shi ke da rinjaye, sannan kowane suna a ɗaure yake da wani busasshen samfuri da aka adana. In gardama ta taso, samfurin ne alƙali.

A ƙarni na 19 matafiya suka yi ta aika samfura Turai. Charles Barter, wanda ya bi ayarin Baikie a kogin Neja har ya rasu a Rabba a 1859, yana cikinsu. Wani mai sayar da magani a Ingila, William Mitten, shi ya duba abin da Barter ya tara, ya wallafa sababbin sunaye a 1860. A garin Halle na Jamus kuwa, Carl Müller ya raɗa sunaye masu ɗimbin yawa. Galibin masu raɗa sunan ba su ga tsiron a inda yake tsirowa ba, kuma ana ɗauka cewa kowane yanki da nasa nau'in. Don haka gansakuka ɗaya sai ta samu suna a Kamaru, wani a Madagaska, wani a Barazil.

Müller ya rasu a 1899, aka adana samfuransa a ma'adanar busassun tsirrai ta Barlin. A watan Maris na 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bama-bamai suka ƙone wurin. Sunayen suka rage a takarda, alƙalansu suka zama toka. Samfuran Mitten kuwa sun tsira, domin an sayar da su ga lambun tsirrai na birnin New York a 1906.

Daga nan aikin bita ya ƙara wuya. Mai bita yakan ɗauki dangi guda, ya nemo ragowar samfuran da aka rarraba wa wasu ma'adanai, kamar ta Brotherus da ke Helsinki, ya auna ganye da ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin madubin ƙara girma. In sunaye biyar suka zama abu ɗaya, mafi daɗewa ya tsaya, sauran su koma laƙabi. Irin wannan aiki Jan-Peter Frahm ya yi wa dangin Campylopus na Afirka a 1985, kuma har yau akwai dangogin da ke jiran mai bita.

Lamarin ba na suna kawai ba ne. Muddin ba a tantance ba, ba za a san wace gansakuka ce ke daji ɗaya tak har take buƙatar kariya ba, da wadda ta cika nahiyoyi uku da sunaye daban-daban.

Mu ma da ke ƙirƙirar kalmomin kimiyya da Hausa muna kan wannan hanya. Kowa ya raɗa tasa bai duba ƙamusun Bargery ko na Abraham ba, bai kuma rubuta abin da yake nufi da ita ba, to na baya ne za su sha wahalar tsincewa. Kafin mu raɗa sabuwa, mu bincika ko an riga mu, sannan mu bar misalin da za a koma a duba.

Allah Ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa.