Rubutun Ƙasan Allo da Taskar Talabijin ta Omdurman

Gidan rediyon Omdurman ya fara magana a shekarar 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Talabijin ya biyo baya a ƙarshen 1962 da taimakon Jamus ta Yamma, shekarar da Kaduna ma ta buɗe nata. Tun daga nan babu wani babban al'amari na Sudan da bai bi ta wannan haraba ta bakin kogin Nilu ba. Can sojojin Ja'afar Numairi suka nufa da suka yi juyin mulki a watan Mayun 1969, can na Umar al-Bashir suka nufa da suka yi nasu ranar 30 ga Yuni 1989, kuma ta allon wannan gidan Janar Awad Ibn Auf ya shelanta tuɓe al-Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019. A tsakanin waɗannan ranaku an naɗi dubban sa'o'i na waƙa, wasan kwaikwayo, tafsiri, ƙwallo da hira da dattawa. Abin da ke isa ga jama'a daga wannan taska a yau yawanci guntaye ne na minti biyu ko uku da wani ya yanka ya ɗora a Facebook ko YouTube ko TikTok, kuma abin da almakashin edita ke fara ci shi ne rubutun da ke ƙasan allo. Ra'ayina shi ne wannan rubutu sashe ne na shaidar kanta, daidai da hoto da murya, kuma wanda ya yanke shi ya rage wa tarihi abin da sau da yawa babu inda za a sake samo shi.

A dubi yadda ake gabatar da waƙa a talabijin ɗin Sudan. Mawaƙi na tsaye cikin farar jallabiya da rawani, ko cikin kwat, masu goge da mai garayar Larabawa na zaune a bayansa. Kafin ya buɗe baki sai rubutu ya fito a ƙasa: sunan waƙar, wanda ya tsara baitocin, wanda ya yi karin, sannan mai rerawa. Daƙiƙa biyar ko shida ne, ya ɓace. A Sudan wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a al'adar waƙarsu marubucin baiti daban, mai rerawa daban, kuma ana girmama na farkon kamar yadda ake girmama na biyun. Muhammad Wardi, wanda ya rasu a 2012, ya rera baitocin Isma'il Hasan a farkon tashensa, daga baya ya rera na Mahjub Sharif, malamin makarantar da ya sha ɗauri saboda abin da yake rubutawa. Wanda ya san waye ya rubuta baitin ya san zamanin waƙar, ya san ko ta soyayya ce zalla ko kuwa habaici ne ga gwamnati. Idan edita ya fara guntunsa daga inda murya ta tashi, ya watsar da daƙiƙun farko don kada mai kallo ya ƙosa, waƙar za ta ci gaba da yawo da daɗinta, amma marubucinta ya fita daga cikinta. Bayan shekara goma sai a ji ana musu a kan wanda ya yi ta, alhali amsar tana cikin daƙiƙa shidan da aka zubar.

Akwai kuma fassara. Kafin Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, ana lissafa wa Sudan harsuna fiye da ɗari, kuma har yau akwai masu magana da Nubiyanci, Beja, Fur, Zaghawa, Fulatanci da Hausa. Hausawa sun daɗe a ƙasar ta hanyar aikin hajji, sannan suka ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yanzu. Daga cikin zuriyar mutanen yamma aka sami A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha al-Fallatiya, mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman a 1942, ta kuma rasu a 1974. Harshen allo Larabci ne. Saboda haka duk lokacin da wani ya yi magana ko waƙa da harshen gidansu a gaban kyamara, rubutun da aka sa a ƙarƙashinsa shi ne ke nuna yadda gidan talabijin ya gabatar da shi ga sauran 'yan ƙasa: da wane suna aka kira ƙabilarsa, daga wane gari aka ce yake, me aka ce ya faɗa. Ga mai binciken tarihin Hausawan Sudan, mutanen da aka daɗe ana yi musu gori a kan zamansu 'yan ƙasa, layi ɗaya da ke cewa wane ɗan wane daga Mai Wurno ko Gadarif, a shekara kaza, hujja ce mai nauyi.

Karanta ƙasan allo kuwa ya girmi talabijin a Khartum. Gidajen silima irin su Coliseum, wanda aka buɗe a shekarun 1930, sun saba wa mutane da finafinan Masar, na Amurka da na Indiya. Sana'ar sa fassarar Larabci a jikin fim ta kafu ne a Alƙahira a shekarun 1940 a hannun Anis Ubaid, wanda sunan kamfaninsa ya zama sananne ga masu kallo a ƙasashen Larabawa. Mutumin Kano ya bi wata hanya daban. Ya shafe shekaru yana kallon finafinan Indiya yana fahimtar labari daga fuska da motsi, har aka zo zamanin fassarar baki irin ta Algaita. Shi ya sa mai yiwuwa ba za mu ji nauyin wannan batu nan take ba, sai mun tuna cewa Kannywood da Arewa24 su ma da rubutun Turanci a ƙasan allo suka isa ga waɗanda ba sa jin Hausa.

Hanyoyin da rubutun ke salwanta sun canja da zamani. A da, matsalar ita ce kaset ɗin kansa. Kaset na bidiyo mai faɗin inci biyu, wanda Ampex ya fito da shi a 1956, yana da tsada ƙwarai, don haka gidajen talabijin a ko'ina suka riƙa goge tsohon shiri su naɗi sabo a kai. Ko BBC ba ta tsira ba: a 2013 aka bayyana gano sassa tara na shirinta Doctor Who da suka ɓata, kuma a ɗakin ajiya na wani gidan talabijin a Jos aka same su. Da aka koma U-matic da Betacam, rubutun yakan kasance manne a jikin hoto, an ƙona shi ciki, ba ya rabuwa da shi. Wannan irin sai a yanke shi da gangan ko da ganganci. Tsohon hoto mai siffar 4:3 ne, kusan murabba'i. Idan edita ya so ya cika allon zamani mai faɗin 16:9, sai ya datse sama da ƙasa, kuma ƙasan nan ne mazaunin rubutu. Idan ya mai da shi tsaye don wayar hannu, ya datse dama da hagu, sai farkon layin Larabci da ƙarshensa su tafi, a bar kalma biyu a tsakiya. Wani kuma tambarin shafinsa yake liƙawa daidai kan sunan mai magana. Ɗaya nau'in shi ne rubutun da ke tafiya daban da hoto, wanda mai kallo ke kunnawa ko kashewa. Ingila ta fara shi ta hanyar Ceefax a shekarun 1970, Amurka ta fara nata a 1980, kuma a watsa shiri na dijital ta tauraron ɗan'adam yana zuwa ne a matsayin zare na uku cikin fayil, gefen hoto da sauti. Wannan ya fi saurin ɓata. Mutum ya naɗi shiri a risiba, ya kai kwamfuta don ya cire talla, manhajar ta juya fayil ɗin zuwa MP4, ta ɗauki hoto da sauti, ta bar zaren rubutu ba tare da ta ce uffan ba. Shi kuma ya goge na asali don ya sami wuri.

Da a ce taskar Omdurman tana nan daram, da duk wannan ƙorafi bai taka kara ya karya ba, domin kowa zai iya komawa ga uwar kaset. To ba haka lamarin yake ba. Tun kafin yaƙi, shirin da Suhaib Gasmelbari ya yi wa Aljazeera a 2017 ya nuna taskar finafinan ƙasar, mai ɗauke da kimanin faifai 13,000, tana hannun tsofaffin ma'aikata biyu da ke fama da zafi da ƙura da rashin kuɗi. Sutudiyon Jadallah Jubara, ɗaya daga cikin magabatan fim a Afirka, an rushe shi a 2008, shekarar da shi ma ya rasu, kuma abin da ya tsira na aikinsa ya tsira ne saboda 'yarsa Sara da cibiyar Arsenal ta Barlin sun mai da shi dijital daga 2013. Sannan yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023. Dakarun RSF suka mamaye harabar rediyo da talabijin, sojoji ba su karɓe ta ba sai ranar 12 ga Maris 2024, wato ginin da ke riƙe da muryoyin shekara tamanin ya yi kusan wata goma sha ɗaya yana sansanin yaƙi. A irin wannan hali, kaset ɗin VHS da wani ma'aikaci ya naɗa ya tafi da shi Jidda, ko fayil ɗin da ke kwamfutar wani ɗalibi a Alƙahira, yana iya zama shi kaɗai ne kwafin da ya rage. Yaron da ke yanka shi don ya sami mabiya ya zama ma'ajin tarihin ƙasa ba tare da ya sani ba.

Za a ce rubutun nan cike yake da kurakurai, har da ƙarya. Gaskiya ne. Masu fassarar finafinai zuwa Larabci sun shahara da sassauta zagi da lulluɓe zancen giya da na mata, kuma gidan talabijin na gwamnati yakan rubuta wa abokin hamayya laƙabin da gwamnati ke so. Amma wannan dalili ne na ajiyewa. Laƙabin da aka rubuta ƙarƙashin hoton John Garang, madugun 'yan tawayen Kudu, kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005, da wanda aka rubuta bayan ya zama mataimakin shugaban ƙasa na ɗaya a watan Yulin shekarar, su ne ke nuna yadda harshen hukuma ya juya. Fassarar da ta kauce tana gaya mana abin da aka yarda mutane su ji a lokacin. Wanda ya ga kuskure yana da damar ƙara gyararriyar fassara a fayil na daban, da sunansa da kwanan wata. Abin da ba shi da hurumin yi shi ne goge tsohuwar ya ɗora tasa a gurbinta, domin daga nan mai kallo ba zai ƙara sanin wace magana ce ta 1975, wace ce ta bana ba.

Za a kuma ce na'ura yanzu tana sauraron magana ta rubuta ta da kanta, don haka abin da ya ɓata ana iya sake shi. Wannan hujja tana da rauni ta fuska biyu. Na'urorin sun fi ƙwarewa a Turanci da Larabcin littafi; Larabcin kasuwar Omdurman yana ba su wahala, balle Beja ko Hausar Mai Wurno da ta cuɗanya da Larabci fiye da shekara ɗari. Mafi muhimmanci, na'ura tana rubuta abin da aka furta ne kawai. Sunan marubucin baiti, sunan ƙauyen da aka ɗauki hoton, shekarar da aka naɗa, babu wanda ya furta su a cikin shirin, don an san rubutu zai ɗauke nauyinsu. In sun tafi, sai dai na'ura ta yi kirdado, kuma kirdadon da aka rubuta da kyakkyawan harafi ya fi shiru haɗari. Masu son hoto fes, ba rubutu, suna da tasu gaskiyar idan sabon fim suke haɗawa da tsofaffin hotuna. Maganinsu mai sauƙi ne: su yi aikinsu a kan kwafi, su bar na asali yadda yake. Akwai ma waɗanda ba a cika sa su a lissafi ba, wato kurame da tsofaffin da ji ya yi musu nauyi, da mai kallo a wurin hayaniya, kamar makaniken da ke leƙa waya a gareji ana bugun ƙarfe ta ko'ina. Gare su, shiri ba rubutu rabin shiri ne.

Hujja mafi nauyi ita ce ta yaƙi. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu, ana yunwa, wa ke da sukunin damuwa da layi biyu a ƙasan tsohon bidiyo? Ba na musun cewa rai ne gaba da kome. Sai dai abin da ake nema a nan ba ya cin kuɗin abinci ko na magani; ɗabi'a ce ta aiki, kada a datse, kada a goge na asali. Kuma yaƙin da kansa ya ɗaga darajar wannan rubutu. Tun 2023 tsofaffin hotuna na wasu shekaru, har da na wasu ƙasashe, suna yawo a matsayin labarin yau, kuma abin da masu tantance labari ke fara nema shi ne tambarin tasha, da layin labarai mai gudu a ƙasa, da kwanan wata. Mai son yaɗa ƙarya ya san haka, shi ya sa su yake fara yankewa. Edita mai kyakkyawar niyya da ya yanke su don ado ya yi wa maƙaryaci rabin aikinsa. Ranar da za a zauna bin kadin abin da ya faru a Khartum da Darfur, bidiyon da ya zo da rubutunsa cikakke zai tsaya a matsayin shaida, wanda aka aske kuwa za a yi ta jayayya a kansa.

Kira na ga duk wanda ke riƙe da tsohon naɗi, na Omdurman ne ko na NTA Kaduna ko na CTV Kano wadda ta koma ARTV: a kwafe shi ɗungurungum daga daƙiƙar farko zuwa ta ƙarshe, a bar shi a siffarsa ta 4:3 ko da baƙin gefe zai fito, a ɗauki hoton takardar da ke manne a kwalin kaset, a duba cewa zaren rubutu ya biyo fayil kafin a goge kome, sannan a ajiye kwafi biyu a gidaje daban-daban. Bayan haka kowa ya yanka guntayensa yadda ya ga dama.