Daga Jaridar Streicher Zuwa Facebook: Ina Iyakar Baki?

Ranar 16 ga Oktoba 1946 aka rataye Julius Streicher a birnin Nurembag na Jamus. Ba a same shi da kashe kowa da hannunsa ba. Laifinsa jarida ce, Der Stürmer, wadda ya buɗe a 1923, ya yi shekara sama da 20 yana zuga jama'a a kan Yahudawa har kisansu ya daina ba mutane tsoro. Kotu ta ce wannan zugar ma laifi ce ga bil'adama.

Da wannan tabon Jamusawa suka rubuta kundin tsarin mulkinsu na 1949. Aya ta 1 ta ce mutuncin ɗan Adam ba abin taɓawa ba ne. Aya ta 5 ta ba kowa ƴancin faɗin ra'ayinsa, ta hana tace labarai, amma ta ja layi: dokokin ƙasa, kare yara, da mutuncin mutane. A ƙarshen 1959 wasu suka zana tambarin ƴan Nazi a wurin ibadar Yahudawa na Kolon. A 1960 aka tsaurara dokar hana tunzura jama'a. A 1994 musanta kisan Yahudawa a bainar jama'a ya zama laifi ƙarara.

To, sai ga intanet. Bayan kwararar ƴan gudun hijira a 2015, zagi da barazana suka cika shafuka. A 2017 majalisa ta tilasta wa manyan kamfanoni irin su Facebook su goge abin da ya saɓa wa doka a fili cikin awa 24 da kai ƙara, in ko suka yi sakaci tara na iya kaiwa yuro miliyan 50. Nan gardama ta tashi: ke nan kamfani ya zama alƙali? Mai tsoron tara ai gogewa zai yi ta yi, har da gaskiya. Faransa ta kwaikwayi tsarin, amma a Yuni 2020 kotun tsarin mulkinta ta soke zuciyar dokar, ta ce ta wuce gona da iri.

Mu ma nan Nijar mun samu dokar laifukan intanet a 2019, kuma mun ga ƴan jarida sun kwana gidan kaso a ƙarƙashinta.

Ƴan uwa ɗalibai, tarihi bai ce a bar baki sake ba. Magana zarar bunu ce. Amma kafin mu tafa wa kowace doka, mu yi tambaya biyu. Wa take karewa: wanda ake zuga jama'a a kansa saboda ƙabila ko addini, ko mai mulkin da ba ya son a yi masa tambaya? Wa ke yanke hukunci: alƙali a gaban jama'a, ko wani a ɓoye? Wuƙar da ke yanka mai zuga ita ce dai ke iya yanka mai gaskiya. Mu dubi hannun da ke riƙe da ita.