Teburin Abinci a Gidan Caca na Monte Karlo

A gaɓar Bahar Rum, tsakanin birnin Nis na Faransa da iyakar Italiya, akwai wata 'yar masarauta mai suna Monako, wadda faɗinta duka bai fi murabba'in kilomita 2 da 'yan kai ba, amma sunan unguwarta guda, wato Monte Karlo, ya game duniya. Al'adar nan ta abokai su ci ado su tafi liyafar dare a ɗakin cin abinci na gidan caca, wadda a yau ake yi daga Amurka har Makawo, a wannan unguwa aka kyautata ta har ta zama abin koyi, kuma sababinta talaucin gidan sarauta ne.

A shekarar 1848 garuruwan Menton da Rokbrun, waɗanda harajin lemon tsami da man zaitun nasu ke riƙe da baitulmalin masarautar, suka yi tawaye, a 1861 kuma aka sallama su ga Faransa a kan faran miliyan 4 na kuɗin Faransa. Da Yarima Charles na Uku da mahaifiyarsa Caroline suka duba ba su ga gona ba, ba su ga ma'adini ba, alhali maƙwabciyarsu Faransa ta rufe gidajen cacarta tun kafin 1840, sai suka ba da izinin buɗe gidan caca a 1856. Waɗanda suka fara karɓar izinin duk sun karye, domin babu hanyar kirki da za ta kawo baƙo, in ma ya jure wahala ya iso, babu masaukin da ya dace da shi, babu girkin da zai sa ya ƙara kwana.

Wanda ya gane wannan illa shi ne François Blanc, Bafaranshen da ya riga ya yi arziki da gidan cacar Bad Homburg a ƙasar Jamus, wanda ya karɓi izinin shekara 50 a 1863 ya kafa kamfanin Société des Bains de Mer. Hikimarsa, idan ya halatta a kira ta hikima, ita ce ya fahimci attajiri mai mutunci yana jin nauyin a ce ya yi tafiyar kwanaki don caca kaɗai, amma ba ya jin nauyin a ce ya je shan iskar teku da cin abinci tare da abokai da iyali. Saboda haka sai ya gina masa hujjar da zai faɗa a gida. Aka buɗe otal ɗin Hôtel de Paris a 1864 daf da gidan cacar, aka raɗa wa unguwar sunan yariman a 1866, jirgin ƙasa ya iso a 1868, a shekarar nan kuma aka buɗe gidan shan gahawa da daga baya ya zama Café de Paris a ɗaya gefen dandalin da ke gaban gidan cacar, ta yadda duk wanda ya tashi daga kan abinci, ko ta dama ya fito ko ta hagu, ƙofar caca ce a gabansa. Matarsa Marie ta sa aka haƙa wa otal ɗin rumbun giya a cikin dutse a 1874. A ganina abincin nan, duk da daɗinsa, tsaba ce aka watsa wa kaji.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa sana'ar girki ta ƙaru ƙwarai a wannan gari. A 1884 César Ritz, mutumin Suwizalan da ke shugabantar wani otal na daban a can mai suna Grand Hôtel, ya ɗauki Auguste Escoffier ya zama shugaban kukunsa, kuma wannan haɗuwa ta sauya yadda Turawa ke cin abinci a waje. Escoffier shi ne ya shahara da raba madafa rukuni-rukuni, wannan yana kan miya da romo, wancan yana kan gashi, wani kan kifi, wani kan ganye, wani kan kayan zaƙi, kowa da murhunsa da haddinsa, ta yadda idan abokai shida suka zauna kowa ya zaɓi abin da ransa ke so, farantansu shida za su fito a lokaci guda da zafinsu. Ya hana ihu da shan giya a bakin aiki, ya umarci masu girkinsa su yi shiga ta kamala idan sun fita gari, domin yana son a daina ƙidaya mai dafa abinci cikin ƙasƙantattu. A 1890 shi da Ritz suka koma otal ɗin Savoy a Landan da wannan tsari, amma a Monte Karlo ya ƙare rayuwarsa a 1935.

Wanda ya shiga zauren Hôtel de Paris zai tarar da mutum-mutumin tagulla na Sarki Louis na 14 bisa doki, gwiwar dokin guda tana ƙyalli saboda yawan shafar da maziyarta ke yi mata don neman sa'a kafin su haye zuwa caca. Camfi ne tsagwaronsa, kuma abin takaici ne a ga masu ilmi da dukiya suna yin sa. Shari'ar Musulunci ta ambaci giya da caca a aya guda cikin Suratul Ma'ida ta haramta su tare, su ne kuwa biyun da aka aza wannan dandali a kansu. Abin lura shi ne masarautar da kanta ta san fitinar abin da take sayarwa, domin ko da yake ribarsa ce ta sa Yarima Charles ya yafe wa talakawansa haraji a 1869, doka ta hana ɗan ƙasar Monako yin caca a gidan har wa yau. Yana iya zama ya ci abinci a otal ɗin, amma teburin caca na baƙi ne.

Da zamani ya juya, cacar ta bazu a ƙasashe, Monte Karlo ta daina zama tilo, sai aka koma ga girki don riƙe suna. A 1987 aka ba kuku Alain Ducasse ɗakin cin abinci na Le Louis XV a cikin otal ɗin, bisa sharaɗin ya samo taurari 3 na littafin Michelin, wato matsayin ƙoli, cikin shekara 4, ya kuwa same su a 1990. Las Begas ta Amurka, wadda a da take jan 'yan caca da abinci mai arha na ci-iya-cinka, ta bi sahu: kuku Wolfgang Puck ya buɗe gidan abincinsa Spago a harabar gidan cacar Caesars a 1992, otal ɗin Bellagio kuma ya buɗe a 1998 da jerin mashahuran masu girki da aka ɗauko daga wasu birane. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, abin da manyan gidajen babban titin birnin ke samu daga ɗakunan kwana da abinci da wasanni ya zarce abin da suke samu daga cacar kanta.