Alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara kan hukuncinsa

Da Bahaushe ya ga mutumin da ke riƙe da usur a tsakiyar fili, sai ya raɗa masa sunan alƙalin wasa, kuma sunan yana da nauyi. A ƙasar Zazzau, kamar sauran masarautun Arewa, hukuncin alƙali bai kasance ƙarshen magana ba, domin wanda bai gamsu ba yana iya kai kukansa gaban sarki. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa, kuma a wannan zamani ne ake kawo alƙalai da ma'aikatan kotu Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki da ke Kongo, a Zariya, domin kwas. Tun kafin nan ma malaman fiƙihu suna karantar da wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari, wadda ta hori alƙali da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya yau.

Alƙalin wasa ne kaɗai ya fita daban. Doka ta biyar a dokokin ƙwallon ƙafa ta mayar da hukuncinsa kan abin da ya auku a fili na ƙarshe. Shi ya sa tambayar da ake yi yanzu, ko ya dace koci ya sami ikon cewa a sake duba bugun fenareti a bidiyo, take kama da sabon abu. Tarihi kuwa ya nuna cewa da roƙo aka fara bayar da fenareti.

Yadda aka haifi fenareti

Kafin 1891, kowace ƙungiya a Ingila tana zuwa fili da nata mai sa ido. In 'yan wasa suka ga an yi musu laifi, sai su ɗaga murya su kai ƙara wurin waɗannan mutum biyu, in su ma suka saɓa, sai a juya ga mutum na uku da ke tsaye a gefen fili yana riƙe da agogo. Wannan na ukun shi ne kakan alƙalin wasa na yau.

A 1890 wani mai tsaron raga daga ƙauyen Milford da ke arewacin Ireland, William McCrum, ya kawo shawarar a riƙa hukunta laifin ganganci a bakin raga da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Manyan masu wasa don nishaɗi suka ƙi, suna ganin cin mutunci ne a zaci ɗan halak zai yi ƙeta da gangan. A Fabrairun 1891, a wasan kofin FA tsakanin Notts County da Stoke, ɗan bayan Notts County ya tare ƙwallo da hannu a kan layin raga, abin da Stoke ta samu kawai shi ne bugun tazara da bai haifar da komai ba, aka cire ta da ci ɗaya. A Yunin wannan shekara hukumar tsara dokokin ƙwallo, IFAB, ta amince da fenareti, ta kuma shigar da alƙali tsakiyar fili, masu sa ido biyun nan suka koma masu ɗaga tuta.

Abin lura a dokar ta farko shi ne sharaɗinta: alƙali zai bayar da fenareti ne idan waɗanda aka zalunta suka nema. Cikin 'yan shekaru aka soke sharaɗin, aka bar wa alƙali wuƙa da nama.

Daga tashar jirgi zuwa gidan kallo

A wannan siffa wasan ya iso Zariya. Da layin dogo ya ratsa garin ya kai Kano a 1911, sai Sabon Gari ya tashi a gefen tasha, mazaunin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Ma'aikatan reluwe da 'yan makaranta da sojoji su ne suka yaɗa ƙwallo a biranen Nijeriya, kuma Zariya ta tara su duka: ga tasha, ga makarantu, ga barikin horar da kuratan soja. A 1953 Kano ta ɗauko Kofin Gwamna, wanda aka fara a Legas a 1945. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Samaru ta cika da matasa daga kowace kusurwa, ƙwallo ta zama harshen da suka yi tarayya a kai.

A duk tsawon wannan zamani, babu wanda ya fi alƙali ganin abin da ya faru. Ɗan kallo yana nesa, mai sauraron rediyo kuwa da idon mai sharhi yake gani. Ana iya zargin alƙali, amma babu hujjar da za a nuna. Talabijin ce ta juya lamarin, sannan tauraron ɗan'adam ya ƙarasa shi. Tun daga shekarun 2000, gidajen kallon ƙwallo suka bazu a Samaru da Sabon Gari, inda ɗalibi da ɗan acaɓa da malamin jami'a ke zama a benci ɗaya suna ganin laifi guda sau uku ko huɗu, daga kusurwa daban-daban, a hankali. Aka wayi gari mutum ɗaya ne a duniya ba ya ganin maimaicin, shi ne wanda zai yanke hukunci.

Legas, 13 ga Fabrairu, 2000

'Yan Nijeriya sun san farashin wannan giɓi. A wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a Surulere, Kamaru ta fara cin biyu, Raphael Chukwu da Jay-Jay Okocha suka farke, aka tafi bugun fenareti. Bugun Victor Ikpeba ya daki sandar sama, ƙwallon ta faɗo bayan layi ta fito. Alƙali Mourad Daami na Tunisiya ya ce ba ta shiga ba, Kamaru ta ɗauki kofi da ci 4 da 3. Masu kallo a talabijin sun ga gaskiya cikin daƙiƙoƙi, amma koci Jo Bonfrere ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Sauran wasanni sun riga ƙwallon ƙafa buɗe wannan ƙofa. Gasar NFL ta Amurka ta ba kociyoyi ikon ƙalubalantar hukunci a 1999, wasan tanis ya ba 'yan wasa a 2006, wasan kurket ya gwada a 2008, gasar kwando ta NBA ta bi sahu a 2019. Ƙwallon ƙafa ta ɗauki wata hanyar. Bayan an hana Frank Lampard na Ingila ƙwallon da ta haye layi a gasar duniya ta 2010, an amince da na'urar tantance layin raga a 2012, sannan aka shigar da VAR cikin doka a Maris na 2018. Sai dai a tsarin VAR alƙalai ne ke duba alƙalai. Koci ba shi da ta cewa, ɗan wasan da ya matsa da alamar a duba talabijin ma katin gargaɗi zai samu.

Abin da bidiyo ke iyawa da wanda ba ya iyawa

Nijeriya ta ɗanɗani VAR ta kowace fuska. A wasa da Ajantina ranar 26 ga Yuni, 2018, ƙwallo ta taɓa kan Marcos Rojo ta sauka a hannunsa cikin da'ira. Alƙali Cüneyt Çakır na Turkiyya ya je ya kalli hoton, ya dawo ya ce babu fenareti, kuma Rojon ne ya ci ƙwallon da ta kori Nijeriya. A 2019, a gasar duniya ta mata, Wendie Renard ta Faransa ta ɓarar da fenareti, aka ce ta sake bugawa saboda Chiamaka Nnadozie ta matso daga layi, ta ci. Ranar 7 ga Fabrairu, 2024, a Bouaké, Victor Osimhen yana murnar ƙwallo ta biyu aka soke ta, aka koma ɗaya ƙarshen filin aka ba Afirka ta Kudu fenareti kan laifin da aka yi tun farkon harin.

Waɗannan misalai sun kasu biyu. Bugun Ikpeba da ƙafar Nnadozie tambayoyi ne na abin da ya auku, kuma kyamara tana amsa su. Hannun Rojo kuwa tambaya ce ta fassara, ko da gangan ne, ko hannun yana inda ya kamata, kuma mutum goma za su kalli hoton su rabu biyu. Mafi yawan rigimar fenareti daga kashi na biyu take. Duk wanda ya yi wa 'yan kallo alkawarin cewa bidiyo zai kashe gardama, ya yi musu romon baka.

Dawowar roƙo

A 2024 FIFA ta fara gwajin wani tsari mai suna FVS, da farko a gasar matasa ta Blue Stars a Zurich, sannan a gasar duniya ta mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya da ta 'yan ƙasa da 17 a Jamhuriyar Dominika, kuma Nijeriya ta buga duka biyun. Kowane koci yana da damar neman a sake duba hukunci sau biyu a wasa, kan abubuwa huɗu: ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba, fenareti, jan kati kai tsaye, da hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. Zai miƙa kati ga alƙali na huɗu, alƙalin tsakiya ya je ya kalli hoton da kansa. In an sauya hukunci, damar kocin tana nan, in ba a sauya ba, ya yi asarar ɗaya. Babu ɗakin alƙalan bidiyo, kuma an tsara shi ne domin wasannin da kyamarorinsu ba su da yawa. A kakar 2025 zuwa 2026 aka kai gwajin gasar Serie C ta Italiya da gasar mata ta Sifaniya.

Masu adawa suna da hujjoji masu ƙarfi. Koci zai iya jefa kati a minti na 88 domin ya sanyaya wasa. Yana iya ƙarar da damarsa da wuri, babban zalunci ya zo daga baya a rasa magani. Yana tsaye a gefen fili, sau da yawa ganinsa bai kai na alƙali ba. Ikpeba kansa ya dafe kai bayan bugunsa, kamar wanda ya ɓarar. Kyamara biyu ko uku kuma ba sa kama kowace kusurwa.

Duk da haka, a ma'aunin Nijeriya amfanin ya rinjaya. Gasar NPFL ba ta da VAR, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin filayen ƙasar. Zaɓin da ke gaban masu gudanar da ita shi ne tsari mai sauƙi ko kuma babu komai. Babu komai ɗin kuwa yana da nasa farashi, wanda alƙalai ke biya da jikinsu. A Yunin 2019 a Agege, da kuma Oktoban 2025 a filin Sani Abacha na Kano, magoya bayan Kano Pillars sun kutsa fili bayan tashi, alƙalai suka sha da ƙyar, ƙungiyar ta sha tara da hukunci. Irin wannan ba ta tsaya ga ƙungiya ɗaya ko yanki ɗaya ba, kuma tushenta shi ne yaƙinin da ɗan kallo ke zuwa fili da shi cewa an riga an sayi wasa. Kati a hannun koci ba zai canza halin mutane ba, amma yana raba nauyi. In koci bai nemi a duba ba, magoya bayansa sun ga haka da idonsu. In ya nema aka duba, alƙalin da ya so murɗe gaskiya ya san hoton zai bi shi har gaban kwamitin ladabtarwa.

Sharaɗi uku ne za su sa abin ya yi aiki. Na farko, kyamara da mai sarrafa ta su kasance na hukumar gasa, kada a bar su hannun ƙungiyar gida, in ba haka ba an ba kura ajiyar nama. Na biyu, a tabbatar na'ura tana aiki kafin a busa usur, domin a wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2019, Wydad ta Maroko ta ƙi ci gaba da wasa da Espérance ta Tunisiya bayan an soke mata ƙwallo aka kuma tarar VAR ba ta aiki. Na uku, a ajiye allon dubawa inda jami'an tsaro za su iya kare alƙali, a kuma bayyana dalilin hukunci bayan wasa.

Waɗanda suka soke roƙo a ƙarshen ƙarni na 19 sun yi haka ne domin a lokacin babu shaidar da ta wuce idon alƙali, roƙo kuwa ba tare da shaida ba hayaniya ce kawai. Yau shaidar tana cikin aljihun kowane ɗan kallo. Dalilin hanin ya kau, saura a tsara wa ƙarar iyaka da ladabi, kamar yadda kowace kotu ke yi.