Maɓalli Ɗaya Tak: Yadda Hannun Gem Ya Tsara Wasannin Harbi Na Da

Yau za mu koma shekarun 1980 mu ga yadda ake buga wasannin harbi a kwamfutocin gida, tun kafin a san PlayStation.

A 1981 kamfanin Williams na Amurka ya fitar da Defender, injin gem irin wanda ake jefa wa tsabar kuɗi. Yana da sandar tuƙi da maɓallai biyar: na harbi, na gudu, na juyawa, na bam, da na ɓacewa. A 1982 suka ƙara da Robotron: 2084 mai sanda biyu, ɗaya ta tafiya, ɗaya ta saitin harbi. Yara suka so irin wannan a gida, to a nan gizo ke saƙar.

Commodore 64, wadda ta fito a 1982, hannu irin na Atari take ɗauka: sanda mai zuwa ɓangarori takwas da maɓalli ɗaya tak. Ita kuwa ZX Spectrum ta Ingila ko wurin jona hannu ba ta zo da shi ba. Ko dai ka sayi ƙarin na'ura irin ta Kempston, ko ka haƙura da kibod ɗinta na roba: Q sama, A ƙasa, O hagu, P dama.

Yaya za a cusa aikin maɓalli biyar cikin ɗaya? Wasu suka mayar da bam kan dogon maɓallin tazara na kibod. Ka ga kenan ana tsaka da ruwan harsashi sai ka saki hannu ka miƙa, kafin ka dawo an gama da kai. Wasa da yawa sun rasa armashi a nan, duk kyawun zanensu.

Masu basira kuwa sai suka gina wasan daidai da hannun. A Uridium na 1986, Andrew Braybrook ya cire maɓallin juyawa gaba ɗaya. Ka tura sanda baya, jirgin zai rage gudu, ya wuntsila, ya juyo da kansa. Sannan hoton yana sabuntawa sau 50 a daƙiƙa, daidai da talabijin ɗin Turai, shi ya sa da ka taɓa sanda jirgi ya amsa. Commodore tana da guntun da ke zana jirage da gungura allo. Spectrum ba ta da shi, komai sai babban injin ya yi, don haka fitar da R-Type a kanta da Bob Pape ya yi a 1988 ya zama abin jinjina har yau.

A 1991 Jeff Minter ya warware matsalar Robotron a wasansa Llamatron: bindiga tana harbi da kanta, kai kuma in ka danne maɓalli sai saitin ya tsaya wuri guda, ka ja da baya kana harbin gaba.

Don haka in ka kunna tsohon gem a waya ka ji ba daɗi, kada ka yi saurin zagin sa. An ɗinka shi ne da awon sanda mai maɓalli ɗaya, gilashin waya ba zai ba ka wannan ɗanɗanon ba. Nemi hannu ka sake gwadawa, sannan ka yanke hukunci.

Mu haɗu a shiri na gaba.